Tambaya da Amsa: Da gaske ne Ingila ta riƙa kai masu kuɗin jabu Ostireliya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sayar da albasa ne a Tawa. Kwanan baya, ranar kasuwa da yamma, wani ya sayi kaya a wurina ya ba ni takardar jika goma, sai da na je biyan mai mota aka gano jabu ce. Da nake ba ɗana labari, wanda yake karatu a jami'a a Yamai, sai ya ce mini a zamanin da Turawan Ingila rataye masu irin wannan aiki suke yi, ko kuma su ɗora su a jirgin ruwa su kai su Ostireliya, har ma wai akwai ɗaya daga cikinsu da aka sa hotonsa a jikin kuɗin ƙasar daga baya. Shin wannan magana gaskiya ce? In gaskiya ce, me ya hana mu ma a yi irin wannan tsanani don mu huta? Uwargidana kuma ta ce in tambaya mata ko har da mata ake kaiwa, kuma ko suna dawowa gida. Daga mai karatunku a Tawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar maka da mafificin abin da ka rasa, domin jika goma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya yini a rana yana awon albasa. Abin da ɗanka ya faɗa maka gaskiya ne, har da maganar hoton. Sai dai labarin yana da ciki, kuma idan ka ji cikinsa ina zaton za ka sake duba tambayarka ta biyu.

Korar masu laifi zuwa ƙetare ta girmi zuwan Turawa Ostireliya. A shekarar 1718 wata doka ta fara aiki a Birtaniya wadda ta ba alƙalai ikon tura mai laifi yankunan da suke mulka a Amurka, shekara 7 ga ƙaramin laifi, shekara 14 ga wanda aka yanke wa kisa sannan aka sassauta masa. Kimanin mutum 50,000 aka kai ta wannan hanya, akasarinsu Bajiniya da Meriland, inda ƴan kasuwar jiragen ruwa suke sayar da aikinsu ga manoman taba. Da Amurkawa suka yi tawaye suka ayyana ƴancinsu a 1776, wannan ƙofa ta rufe, gidajen kaso suka cika maƙil, har aka koma tsare mutane a cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka ɗaure a kogin Thames. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kafin a tsayar da shawara a kan Ostireliya sai da aka fara duban nahiyarmu. An tura wasu fursunoni ganuwowin Turawa da ke gaɓar ƙasar Gana ta yanzu, zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikinsu, an kuma yi shawarar kafa sansani a wani tsibiri can cikin kogin Gambiya, amma a 1785 kwamitin majalisa ya ƙi yarda saboda tsoron cuta. Daga nan ne jirage 11 suka tashi daga Portsmouth a watan Mayu na 1787 a ƙarƙashin jagorancin Arthur Phillip, ɗauke da fursunoni fiye da 700, suka yi wata takwas a hanya, suka sauka inda birnin Sidni yake a yau ranar 26 ga Janairu, 1788. Daga wannan rana zuwa 1868, lokacin da jirgi na ƙarshe ya isa Fremantle a yammacin Ostireliya, kimanin mutum 162,000 aka kai.

Mafi yawansu ɓarayi ne na ƙananan kaya. Mai jabu kuwa, a farkon lamari, bai cika samun ko jirgin ba, igiya ce rabonsa. Tun 1697 buga takardar Bankin Ingila ta ƙarya laifin kisa ne, sannan a 1729 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da ƙirƙirar takardar bashi, da wasiyya, da takardar mallakar gida ko gona. Dalilin wannan zafi ba zai yi maka wuyar ganewa ba, Alhaji, tunda ka san yadda ake loda mota da albasa daga Galmi ta nufi Abijan ko Akara a kan magana da amana kawai, kuma ka san cewa ranar da amanar ta karye cinikin ya tsaya. Kasuwancin Ingila na wancan zamani a kan takarda da sa hannu yake tafiya, shi ya sa masu mulki suka ɗauki mai kwaikwayon sa hannun wani tamkar mai zuba guba a rijiyar gari. Ɓarawo yakan samu afuwar sarki, mai jabu kuwa da ƙyar. Akwai wani limamin coci sananne a Landan, William Dodd, wanda bashi ya yi wa katutu, ya ƙirƙiri takardar bashi ta fam 4,200 da sunan wani basarake da ya taɓa koyarwa. An mayar da mafi yawan kuɗin, dubban mutane sun sa hannu a takardar roƙon a yafe masa, amma aka rataye shi a watan Yuni na 1777.

Inda abin ya shafi talaka shi ne daga 1797. Ana cikin yaƙi da Faransa, a watan Fabrairu wasu sojojin Faransa suka sauka a gaɓar Wales, tsoro ya kama mutane, kowa ya ruga banki yana neman a mayar masa da takardarsa zinariya. Gwamnati ta hana Bankin Ingila biyan zinariya, bankin kuma, don kada ciniki ya tsaya, ya fara buga takardun fam 1 da fam 2 a karo na farko. Kafin nan mafi ƙanƙantar takardarsa ta fam 5 ce, wadda leburan gona zai iya ƙare rayuwarsa bai taɓa riƙe ta ba. Ka kwatanta takardar a zuciyarka: farar takarda ce marar kauri, an buga baƙin rubutu a fuska ɗaya kawai, ma'aikacin banki ya sa hannu da alƙalami, babu launi, babu zaren tsaro, in ban da alamar da ke cikin takardar wadda sai an ɗaga ta ga haske ake gani. Duk wanda ya iya sassaƙa farantin tagulla irin wanda ake buga takarda da shi zai iya kwaikwayonta, kuma birnin Birmingham cike yake da irin waɗannan masu sana'a. Ita kuwa mai sayar da burodi da aka miƙa wa takardar da magariba a hasken kyandir, wadda wataƙila ko karatu ba ta iya ba, ta ina za ta bambanta ta gaske da ta ƙarya? Halin da ka shiga ranar kasuwa, shi ne halin da dubban mutane suka shiga a Ingila tsawon shekara 24.

Bankin ya ɗauki lauyoyi, ya ba da lada ga masu kamawa, ya shigar da ƙara fiye da 2,000 tsakanin 1797 da 1821, aka kuma rataye mutum fiye da 300. A 1801 aka ƙara wata doka wadda ita ce ta cika jiragen da ɗanka yake magana: duk wanda aka samu da takardar jabu a hannunsa, alhali ya san jabu ce, hukuncinsa korar shekara 14 zuwa ƙetare. Sai lauyoyin bankin suka samu hanyar ciniki da wanda aka kama. Za a tuhume shi da laifi biyu, kashe takardar a kasuwa, wanda hukuncinsa rataya ne, da kuma riƙe ta, wanda hukuncinsa kora ne, sannan a ce masa in ya amsa na biyun ba za a kawo shaida a kan na farko ba. Mutumin da igiya take rataye a gabansa, ko yana da abin kare kansa, da wuya ya yi gardama. Ni a ganina wannan shi ne wuri mafi ɗaci a labarin, domin banki ne, ba alƙali ba, yake zaɓar wanda zai rayu da wanda zai mutu.

Su wane ne aka kama? Akan samu mai farantin jefi-jefi, kamar William Booth, wani manomi a gefen Birmingham da ya mayar da gidansa masana'antar jabu, aka rataye shi a 1812. Amma takarda takan bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso kasuwa: mai bugawa ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa ƙananan ƴan koli a kan ƴan sulalla, su kuma su ba matalauta, bayin gida da zawarawa da tsofaffin sojoji, su shiga kanti su sayi ɗan abu kaɗan su karɓo canji. Hannun ƙarshe shi ake kamawa, domin shi ne mai kanti ya ga fuskarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na cewa waɗannan mutane ba su da laifi, da yawansu sun san abin da suke yi, kuma wanda suka cuta talaka ne irinsu. Amma ana rataye su ranar Litinin, ranar Talata faranti yana ci gaba da bugawa.

Daga ƙarshe jama'ar Ingila da kansu suka gaji. A 1819 wani mai zane, George Cruikshank, wanda ya ce ya wuce ta gaban kurkukun Newgate ya ga gawarwaki a rataye har da mata, ya zana takarda mai kama da ta bankin, amma a jikinta jerin mutane ne a rataye, alamar fam kuma igiya ce, sa hannun kuwa na hauni ne. Takardar ta yi kasuwa ƙwarai. Mutum 12 da akan zaɓo daga cikin jama'a su saurari shari'a su faɗi ko an yi laifi suka fara ƙin kama mutane da laifin, saboda ba sa son jini a wuyansu a kan fam ɗaya. A 1830 ɗaruruwan masu bankuna suka kai wa majalisa koke cewa a cire kisa, hujjarsu kuwa ita ce tsananin hukuncin yana sa wanda aka cuta ya ƙi kai ƙara, mai laifi ya tafi salin alin. Mutum na ƙarshe da aka rataye a kan jabu shi ne Thomas Maynard, ranar ƙarshe ta shekarar 1829. A 1832 aka mayar da hukuncin mafi yawan laifukan jabu korar rai da rai, a 1837 aka cire kisa gaba ɗaya. Amma abin da ya karya kasuwar jabun tun kafin nan shi ne, a 1821 bankin ya koma biyan zinariya ya janye takardar fam 1, mutane suka koma riƙe tsabar zinariya, sai shari'o'in suka ragu nan take.

Mutumin hoton sunansa Francis Greenway, mai zanen gine-gine daga yankin Bristol. Ya karye a sana'a, ya ƙirƙiri rubutu a wata takardar kwangila, aka yanke masa kisa a 1812, sannan aka sassauta zuwa korar shekara 14. Ya isa Sidni a 1814, ya tarar da gari mai buƙatar gini kuma babu gwani. Gwamna Lachlan Macquarie ya naɗa shi mai zanen gine-ginen gwamnati a 1816, ya gina hasumiyar fitila mai nuna wa jirage mashigar tashar Sidni, da barikin fursunoni na Hyde Park, da cocin St James, waɗanda biyu na ƙarshen suna nan tsaye har gobe. Da Ostireliya ta fara amfani da dala a 1966 aka sa fuskarsa a takardar dala 10, ta kuma zauna a hannun mutane har 1993. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan tafiyar Macquarie an sallame shi daga aiki a 1822, ya mutu a 1837 cikin talauci, aka rufe shi a kabarin da ko alama babu.

Akwai wani labarin da zai fi ba ka sha'awa a matsayinka na ɗan kasuwa. Sabuwar ƙasar ba ta da kuɗinta, duk tsabar da ta shigo sai jiragen fatake su kwashe ta. Macquarie ya samu dalar azurfa ta Sifen guda 40,000, ya nemi wanda zai huda tsakiyar kowace ɗaya, a samu kuɗi biyu daga guda: zoben ya zama sule 5, ɗan tsakiyar ya zama peni 15, ta yadda a waje ba su da wannan daraja, ba mai fita da su. Wanda aka ba aikin a 1813 shi ne William Henshall, maƙerin fari daga Birmingham, wanda aka koro saboda buga kuɗin jabu. Kalmar dala da muke kiran sefa biyar da ita, danginta ɗaya da sunan wannan azurfa. Haka kuma James Blackburn, injiniya da ya ƙirƙiri cakin fam 600 aka kai shi tsibirin Tasmaniya na Ostireliya a 1833, ya gina hanyoyi da gadoji da coci-coci, daga baya ya tsara hanyar kawo ruwan sha birnin Melbourne. Shi kuwa Joseph Lycett, mai zane da ya zo jirgi ɗaya da Greenway, shekara guda kawai ya yi a Sidni aka sake kama shi yana buga takardun sule 5. Dalilin da ya sa sunayen masu jabu suka fito haka a tarihin ƙasar a fili yake: sun iya karatu da rubutu da lissafi da aikin hannu mai kyau, a wurin da irin waɗannan mutane suka yi ƙaranci.

Sai dai kada waɗannan ƴan sunaye su rufe mana ido. Ayari na biyu da ya isa a 1790, an ba da kwangilar jigilarsa ga wani kamfani da ya saba safarar bayi daga Afirka, ana biyansa a kan kowane kai da aka ɗora, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Daga cikin mutum kusan 1,000, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun mutu a teku, a ɗaure cikin mari. Daga baya an gyara, an sa likitoci a jirage, mutuwa ta ragu, amma wanda ya sauka aikin tilas ne yake jiransa, ko na gwamnati ko a gonar wani da aka miƙa shi gare shi, bulala kuma ba ta da wuya. Wanda ya sake laifi a kai shi Port Arthur ko tsibirin Norfolk, wuraren da sunansu kaɗai yake tsorata fursuna. Sannan ƙasar da aka zuba su ba kango ba ce, tana da masu ita, baƙaƙen fata da suka shafe dubban shekaru a wurin. A 1789 cutar agana ta yi musu mummunar ɓarna a kewayen Sidni, aka kuma bi su ana ƙwace musu ƙasa da bindiga. Ingila ta sauke nauyinta ne a kan mutanen da ba su ci ba, ba su sha ba.

To, ga amsar tambayarka ta biyu. Ina tare da kai cewa mai buga jabu azzalumi ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ya cancanci hukunci mai tsanani, dokokin ƙasashenmu masu amfani da sefa kuma sun tanadi ɗauri mai tsawo a kansa. Amma Ingila ta gwada igiya da jirgi shekara 24 jabu bai ragu ba, sai da aka gyara kuɗin kansa. Ka kuma tuna cewa a waccan ranar, lokacin da ka miƙa wa mai mota takardar, kai ne hannun ƙarshe. Da a Landan ne a 1818, da kai za a fara yi wa tambaya, kuma sai ka nemi shaidar cewa ba ka sani ba. Saboda haka shawarata ita ce, kada ka yarda zafin hasara ya sa ka tura ta ga wani, domin wanda ya kashe ta bayan ya san jabu ce ya shiga laifin shi ma. Ka kai ta banki ko wurin ƴan sanda ka faɗi yadda ta zo hannunka. Nan gaba kuma, musamman da yamma in kasuwa ta rikice, ka murza takardar ka ji kaurinta da tudun rubutunta, ka ɗaga ta ga haske ka ga hoton da ke ɓoye a ciki da zaren da ya ratsa ta, ka karkata ta ka ga ko ɗamarar nan mai ƙyalli tana sauya kama. Mai saye na gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata har da mata, kimanin 25,000 cikin dukan waɗanda aka kai, kuma a laifin kashe takardun jabu suna da yawa, tunda su aka fi aika kanti. Ɗaruruwan wasiƙun da fursunoni suka rubuta wa Bankin Ingila daga kurkuku suna nan a ajiye har yanzu, da yawa daga mata, suna roƙon abin sayen tufafi da shayi da sukari na hanya, ko abin ciyar da yaran da za su hau jirgi tare da su. Bankin da ya kai su ƙara yakan ba mace fam 5 ranar tafiya. In sun isa, wasu a raba su gidaje su yi aikatau, wasu a tsare su a gidajen saƙa da wanki na Parramatta ko Hobart.

Dawowa kuwa, kaɗan ne suka dawo. Wanda ya nuna hali mai kyau akan ba shi takardar da ta yi kama da ɗaurin talala, ya yi aikin kansa amma ba zai bar yankin da aka iyakance masa ba. Wata afuwar kuma sharaɗinta shi ne kada ya sake taka Birtaniya. Wanda ya gudo kafin wa'adinsa ya cika, shekaru da yawa hukuncinsa kisa ne, wanda kuma ya cika wa'adin ba mai biya masa kuɗin jirgi. Namiji yana iya yin aikin jirgi ya biya wa kansa, mace ba ta da wannan hanya. Mutanen Adar sun san zafin tafiya bida, sun san matar da take jiran saƙo daga Abijan, amma mai bida yana sa ran damina ta dawo da shi. Waɗannan sun san babu wata damina. Shi ya sa kafin jirgi ya tashi da yawansu sukan samu babban kwabon tagulla, irin wanda aka buga a 1797, su goge shi har hoton sarki ya ɓace, sannan su sassaƙa sunansu da shekarun da aka yanke musu da ƴan kalmomin ban kwana, wani ya zana zuciya, wani ya zana mutum cikin mari, su bar wa uwa ko mata ko ɗa. Fiye da 300 daga cikin waɗannan kwabbai suna ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Kanbera.